Milimita Shida a Hannun Kawu

Glenys Hocking ba ta iya gaisuwa ba. Da wannan na fara don kada a ce ƙawance ne ya rufe mini ido. Shekara goma sha tara muka yi a asibiti ɗaya, ni ina ɗakin wankin ƙoda, ita tana ɗakin sikanin, inda ake leƙa cikin jiki da na'ura, a ƙarshen baranda, kuma duk tsawon lokacin nan in na ce mata ina kwana sai ta ɗaga gira ta wuce. A shekarar farko na ɗauka girman kai ne, har na ƙudurta ni ma na daina kula ta. Sai wata rana na kai mata wata tsohuwa da ke rawar sanyi, na ga ta zaro kwalbar man da ake shafawa a fata daga aljihun rigarta. Ashe tun safe take yawo da kwalbar a jikinta don man ya yi ɗumi kafin ya taɓa mutum. Daga ranar na bar zancen gaisuwa.

A garin nan aka haife ta, a layin ma'aikatan jirgin ƙasa. Mahaifinta yana gyaran layin dogo, mahaifiyarta tana dafa wa masu askin tumaki abinci in lokacin aski ya zo. Tana da shekara goma sha bakwai ta shiga asibiti tana wanke hoton ƙashi a ɗakin duhu. Da aka kawo na'urar sikanin ta farko kowa ya ja baya, ita ta matso. Ta gidan waya ta yi karatun, duk bayan wata uku ta hau bas awa goma sha biyu zuwa birnin da ke bakin teku ta rubuta jarrabawa ta dawo. Ta auri Merv, direban babbar motar shanu, suka haifi 'ya ɗaya wadda yanzu take koyarwa a birnin Brisbane. Merv ya rasu 'yar tana aji na ƙarshe, Glenys ta yi kwana tara a gida ta koma aiki. Rabin samarin da ke buga ƙwallon rugby a filin gari tun suna ciki ta san su. In ta haɗu da ɗayansu a kanti yana taƙama da gemu, sai ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Kai ne wanda ya ƙi juyowa, ka sa na ɓata awa guda."

Mu mutanen ƙoda, jijiya ce ta haɗa mu da ita. Wanda ƙodarsa ta daina aiki sai an wanke jininsa sau uku a mako, jinin kuwa sai an sama masa ƙofar fita da ta komawa. Likitan tiyata yakan haɗa jijiyoyi biyu a hannun mutum, mai kawo jini da mai mayar da shi, a bar su makonni har ta biyun ta kumbura ta yi ƙwarin da za ta ɗauki allura biyu masu kauri. Kafin nan bututun roba ake sa wa mutum a wuya. Dokar likitanmu ita ce, ba mai soka wa sabuwar jijiya allura sai takardar Glenys ta ce faɗinta ya kai milimita shida. Abin bai kai kaurin fensir ba, amma na ga manyan mutane suna kuka a kansa.

Da can da hannu take awon. Ta tsayar da hoton a allo, ta ɗora ɗan gicciye a bangon jijiya na sama, ta ɗora wani a na ƙasa, na'urar ta faɗi tazarar da ke tsakani. Sai aka kawo sabuwar manhaja. Ita wannan, kan na'urar, wato ɗan abin da ake ɗorawa a fata, shi kawai za ka kwantar a tsawon jijiyar ka riƙe na daƙiƙa goma. Kwamfuta ta bi bangon sama da na ƙasa da koren layi, ta auna tazarar sau ɗaruruwa, ta haɗa duka ta raba, ta ba ka lamba ɗaya a ƙasan allo. Na san Glenys da taurin kai, don haka na zuba ido in ga rigima. Sai ga shi ta yi murna irin tata, wato ta ce ba laifi.

"Ke da ko sabuwar buta ba kya so a ɗakin shayi," na ce mata.

"Bron," ta kira sunana, "ni na san mutanen nan. Na san wanda matarsa ke jira, na san wanda ya gaji. In na zo ɗora gicciyen nan, wani lokaci ina jin yatsana yana so ya matsa shi waje kaɗan. Wannan abar ba ta da ƙawa, ba ta da ɗan'uwa."

Shekara biyu suka yi lafiya lau ita da kwamfutarta, sannan aka kawo mana Kawu.

Ba zan faɗi sunansa ba. Ya rasu, mutanensu kuwa, 'yan asalin ƙasar nan na farko, ba sa kiran sunan mamaci. Kawu muke ce masa, kamar yadda ake kiran kowane dattijo a cikinsu. Shekararsa saba'in da huɗu, arba'in daga ciki a kan doki ya yi su yana kora wa wasu shanu. Ƙauyensu tafiyar awa tara ce a mota ta arewa, in hanya na da kyau. A can akwai kujerar wankin ƙoda guda biyu da nas ɗaya, kuma ba sa karɓar mai bututu a wuya, don in bututun ya kama ƙwayar cuta kafin jirgin sama na ɗaukar marasa lafiya ya zo an makara. Sai mai jijiyar hannu da ta nuna. Ɗaya daga cikin kujerun ta faɗo babu kowa, aka ce za a ajiye wa Kawu ita zuwa ƙarshen Nuwamba. In bai shirya ba, na gaba a layi ya ɗauka, damina ta rufe hanya, kuma kujerar can ba ta sake faɗowa sai wani ya mutu.

A masaukin marasa lafiya da ke bayan asibiti ya zauna. Bai taɓa ƙorafin abinci ko ɗaki ba. Da yamma yakan fitar da kujera ya juya ta arewa, ya ɗora malafarsa a gwiwa, yana matsa ƙwallon robar da muka ba shi don jijiyar ta buɗe. Sau ɗaya na tambaye shi ko garin namu ya karɓe shi.

"Garinku ba laifi, Sista," ya ce. "Amma ƙasar wasu ce. Ina zaune a kanta kamar baƙon da ya wuce kwanakinsa."

A watan Yuli aka yi masa aikin. Bayan mako shida Glenys ta auna, kwamfuta ta ce biyar da ɗigo uku. Ba wanda ya damu, jijiyar tsoho ba ta sauri. Aka ƙara mako shida. A tsakiyar Oktoba ta sake aunawa, kwamfuta ta ce biyar da ɗigo huɗu. Nan ne raina ya ɓaci, don da safen ranar na ɗora yatsuna a hannunsa, na ji jijiyar tana kaɗawa a ƙarƙashin fata, ta cika fam. Na bar marasa lafiyata da abokiyar aikina, na taka har ƙarshen baranda.

"Jijiyar nan ta kai, Glenys. Shekara ashirin yatsuna suna laluben jijiya."

"Yatsunki suna sonsa," ta ce, ba ta ko juyo ba.

"Kwamfutarki kuma makauniya ce."

"Ga hoton nan. Nuna mini inda koren layin ya kauce."

Na duba, bai kauce ba. Yana manne da bangon jijiyar sama da ƙasa. Na ce mata ta mayar da kanta baiwar inji, ta ce in rufe mata ƙofa in zan fita. Mako biyu ba mu sha shayi tare ba, kuma ni ce na fi jin jiki, don ita dama shiru abincinta ne.

A farkon Nuwamba ƙanwar Kawu ta rasu a ƙauye. Su biyu kaɗai suka rage a ɗakinsu. Tafiyar awa tara zuwa, awa tara dawowa, ga zaman makoki na kwanaki, ga wanki sau uku a mako, lissafin bai fita ba ko ta ina muka juya shi. Bai je ba. Ranar jana'izar ya zo wanki kamar kullum, ya rufe fuskarsa da malafa awa huɗu cur, ni kuma na yi ta kai da kawo kusa da kujerarsa.

Akwai abin da nake gani a jikin Glenys tun farkon shekarar, ban haɗa shi da komai ba, kuma har yau ina jin haushin kaina. Ta koma ɗaukar kofi da hagu. In za ta ɗauko fayil a kan kabad sai ta jira wani ya zo wucewa. Kafaɗar dama ita ce ajalin masu aikinta, shekara talatin hannu na rataye a iska yana riƙe da kan na'ura. Ba ta gaya wa kowa ba. Daga baya ta ce mini ta san in ta buɗe baki za a zaunar da ita a tebur, kuma kafin a samo wani da zai yarda ya zo garinmu, mai ciki da mai ƙoda duk sai sun hau bas zuwa bakin teku.

Awo na uku ya faɗo saura kwana goma sha tara wa'adin ya cika. Likita ya riga ya ce in wannan ma bai kai ba, za a tura Kawu birni a sake yi masa aiki. Ni na raka shi da kaina. Ya zauna a kujera, ya miƙa hannun hagu a kan matashi, Glenys ta zauna suna fuskantar juna.

"Yau ma kin kira ni ki ce ban isa ba, 'yata?" ya ce.

"Ba ni ke faɗa ba, Kawu. Waccan ce." Ta nuna kwamfutar da haɓa.

"Waccan ɗin tana da miji kuwa? Haka take yi wa kowa?"

"Kai kaɗai ta sa wa ido. Daina motsi."

Ta shafa man, ta kwantar da kan na'urar, koren layi biyu suka fito. Na ƙirga daƙiƙa goman a raina. Lambar ta fito, biyar da ɗigo biyar. Glenys ta jawo tawul ta fara goge masa hannu a hankali, fiye da yadda gogewar ke buƙata. Kawu ya daɗe yana kallonta.

"'Yata, in tambaye ki. Kafaɗar nan tun yaushe?"

"Wace kafaɗa?"

"Ta damanki. Ni na san dokin da ke ɓoye ɗingishi. In kin fara, hannunki kamar ƙuda ya sauka. Kafin ki gama kin jingina da ni kamar ginshiƙin baranda." Ya yi 'yar dariya. "Ban ce ki daina ba. Jingina abinki, dama ba inda za ni."

Shi tausayinta kawai yake ji, bai san abin da ya faɗa ba. Amma na ga hannun Glenys ya tsaya cak a kan tawul. Abu na farko da ake koya wa mai wannan aiki shi ne kada a danne jijiya, don laushi ne da ita, in ka danna sai ta baje. Ta juya ga kwamfutar ta buɗe wani shafi da ban taɓa ganin ta buɗe ba. Ashe bayan lambar nan ɗaya, manhajar tana ajiye awon kowane ƙiftawar ido a zane, daga daƙiƙa ta farko zuwa ta goma. Layin ya fara daga sama, wajen shida da rabi, sannan ya yi ta gangarowa a hankali har ya ƙare a huɗu da rabi.

"Jijiya ba ta ramewa a daƙiƙa goma," ta ce, kamar da kanta take magana. "Hannuna ne ke sauka."

Kwamfutar ba ta yi ƙarya ba. Abin da aka nuna mata ta auna, ta kuma rubuta shaidar komai ta ajiye. Glenys ce, don tsoron kada son mutane ya shiga awonta, ta riƙa karɓar lambar ƙarshe ba ta leƙa bayanta. Ta buɗe hoton watan Agusta, layin ya fara daga biyar da ɗigo takwas. Wancan karon da gaske bai kai ba. Ta buɗe na Oktoba. Shida da ɗigo uku ya fara.

Da ni ce, wallahi ban san ko zan iya ba. Da na ce a sake awon kawai, in bar sauran a cikina. Ita ta juyo da kujerarta ta dube shi.

"Kawu, jijiyarka ta kai tun Oktoba. Ni na danne ta. Ni na tsare ka a nan mako huɗu."

Na ga yana lissafi a fuskarsa, na kuma san inda lissafin zai kai shi.

"Ke nan da ina gida lokacin da ƙanwata ta tafi."

"Da kana gida."

Ya dubi malafar da ke gwiwarsa ya juya ta sau ɗaya. A bakin taga fararen aku suna ta ihunsu a kan bishiya. Glenys ba ta yi kuka ba, ba ta kawo uzuri ba, ta dai zauna tana jiran abin da zai ce, hannunta na dama a cinya.

"Shekara nawa kina wannan aikin?" ya tambaya.

"Talatin da ɗaya."

"Kuma ba wanda ya taɓa riƙe miki hannu." Ya mayar da hannunsa kan matashi. "Matso. Sake."

Na ce bari in tallafe mata gwiwar hannun. Ya girgiza kai.

"Bari, Sista. Hannuna ake aunawa, ni zan riƙe."

Glenys ta tula man da yawa har ya yi tudu, yadda kan na'urar zai hau man ba fata ba. Kawu ya miƙo hannunsa na dama, wanda igiya da linzami suka mayar kamar ɓawon itace, ya tallafi gwiwar hannunta daga ƙasa.

"Saki nauyin," ya ce. "Ba ki saki ba. Saki duka, ba zan yar da ke ba."

Na ga kafaɗarta ta sauko. Koren layin suka fito, tazararsu ta fi ta ɗazu ko ni da ba aikina ba na gani. Daƙiƙa goman nan ban yi numfashi ba. Ta buɗe zanen kafin ta duba lambar. Layin ya miƙe sambal daga farko har ƙarshe, sai ɗan tashi da saukar bugun zuciyarsa. Lambar ta ce shida da ɗigo shida.

"To," in ji Kawu. "Gaya wa waccan na gode."

A takardar ranar Glenys ta rubuta komai, har da abin da ya faru a Oktoba da dalilinsa. Na ce mata ai lambar ta isa, ta ce ba ta isa ba. A makon ta zauna ta buɗe zanen kowane awon jijiya da ta yi a shekarar, ta sami mutum uku da layinsu ya gangara, ta kira su ɗaya bayan ɗaya da bakinta. Washegarin awon na soka wa Kawu allura, ta shiga ba gardama. Muka yi mako biyu muna gwadawa, aka cire bututun wuyansa, motar asibiti ta tafi da shi saura kwana uku wa'adin ya cika. Ruwan farko ya sauka a makon da ya biyo.

Glenys ta ajiye kan na'ura a ƙarshen shekarar. Aka yi mata aiki a kafaɗa, hannun bai koma daidai ba. Wata uku mutanenmu suna hawa bas zuwa bakin teku, kamar yadda ta ji tsoro, sannan aka samo wata matashiya daga Perth. Glenys takan zo sau biyu a mako ta zauna a bayanta, ba ta cewa komai sai in lamba ta fito, ta ce, "Buɗe zanen."

Shekara biyu da rabi Kawu ya yi a gida. Nas ɗin can takan kira ni ta ce yana nan yana damun su, ya ce kujerar wankin a juya ta ta fuskanci taga, ya koya wa jikokinsa kamun kifi yana zaune a inuwa yana ba da umarni. Wata safiya ta kira da wata murya daban. Da na tashi aiki na wuce gidan Glenys, na same ta tana ba tumatir ruwa. Ta ga fuskata ta rufe famfo.

"A ina?" ta ce.

"A gida. A barandarsa, 'ya'yansa na kewaye da shi."

Ta gyaɗa kai. Na gaya mata sauran saƙon, cewa babbar 'yarsa ta ce tun kafin ya kwanta ya bar magana, in lokacin ya zo a kira matar nan mai kafaɗa.

Ni na tuƙa mu awa taran, don hannunta ba ya jure sitiyari. Kusa da ƙanwarsa suka haƙa masa. Da aka gama mutane suka fara watsewa, Glenys ta tsaya a tsakanin kaburburan biyu. Ba nasa take kallo ba, ɗayan take kallo, na matar da ba ta taɓa gani ba. Na ga bakinta yana motsi, ban matsa don in ji ba. Ta daɗe a tsaye cikin rana, har babbar 'yarsa ta taso daga inuwa, ta kama ta ta hannun dama a hankali, ta kai ta ta zaunar cikin matan gidan.